Rijiyar Zartsi a Bayan Gidanmu

Wake ya ƙi nuna mini ranar Talatar da ta wuce. Tun da hantsi na aza shi, na ƙone itacen kwana biyu, amma har aka kira azahar in na matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu sai ta suɓuce ta bar ni. Luba ɗiyata, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ta ce waken ne ya tsufa. Na ce ta bar ɗora wa wake laifi, ta ɗebo mini ruwan da aka aza shi da shi. Na kurɓa, na juya shi a baki, na tofar. Daga sabuwar rijiyar burtsatse ta unguwarmu a nan Anka aka ɗebo shi, wadda maƙwabcinmu Malam Isa ya kwana goma yana gyaran fili kusa da ita zai dasa tumatir. Ruwa ne garai-garai, amma can ƙarshen harshe akwai ɗan gishiri-gishiri da ɗaci-ɗaci. Zartsi ne. Na zauna bakin murhu ina tuna baya, don bana ma damina ta ɗauke da wuri, kuma rabon bakina da wannan ɗanɗano shekara ashirin ke nan ko kusa.

Lokacin muna ƙauyenmu, tsakanin Bukkuyum da Anka, nesa da gulbi. Ni 'yar Gummi ce, aure ya kai ni can. Gidanmu na Gummi masu lambu ne kaka da kakanni, a fadama na buɗe ido, na san albasa tun tana siririya kamar allura. Maigidana, Malam Bawa, mahaƙin rijiya ne. Da damina ya yi noma, da rani a riƙa kiransa ƙauyuka. Mutum ne da magana ke yi wa tsada, in ka ji ya yi dogon zance to a kan ƙasa ne, wadda ke riƙe kanta da wadda ke zubowa. Mu huɗu ne a gidan: shi, ni, Luba tana 'yar shekara biyar, sai mahaifiyarsa, Inna, wadda ba a yi mata musu ko da a kan yawan gishirin miya.

Daminar shekarar ta faro da kyau, har gero ya samu. Dawa na fidda kai sai sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi wuluk, iska ta kaɗa, mu kwashe shanya a guje, sannan ya watse ya bar mu da zafi mai ɗanko. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Ganyen dawa ya nannaɗe, ya yi ja, in ka murza zangarniya a tafin hannu ba abin da ke saura sai ƙaiƙayi. Da aka gama ɗaurin dammuna, Inna ta leƙa rumbu, ta zura hannu har kafaɗa ba ta taɓo komai ba, ta sauko. Kowa a gidan ya san hatsin ba zai kai mu damina ba.

Aikin rijiya kuma ya tsaya cik, don wanda ba ya da abin ci ba ya kiran mahaƙi ya ciyar da shi. A lokacin ne mazan ƙauyen suka fara zarya dajin kudu, wurin haƙar zinari. Sun zo wa Malam ya fi sau uku, don sun san ya san ƙasa. Ya ƙi. Ya ce mini rijiya a miƙe take sauka, duk zurfinta in ka ɗaga kai kana ganin sama, amma ramin masu zinari yana sauka ne ya karkata ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ba siminti ba itacen tokara, kana rarrafe da tocila a baki. Na ce ya yi mini alkawari ba zai je ba. Ya ce in dai akwai abin da za a sa a baki har ruwa ya sauka, ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Ban samu fiye da wannan ba, kuma na gane abin da yake nufi: in abinci ya ƙare, zai tafi.

Yayana Sani ya zo daga Gummi a kan babur, ya ga rumbunmu, ya ce akwai wani gefen fadamarsa da bai taɓa ba, Malam ya zo ya yi albasa a ciki bana. Malam ya yi godiya. Inna kuwa ta haɗe rai, bayan an fita ta ce ɗanta da ransa da lafiyarsa ba zai je ya tsuguna gidan surukai ba. Sai Malam ya ce ai ya haƙa wa mutane rijiya ta fi arba'in, bai taɓa haƙa wa kansa ko ɗaya ba. Akwai wani kwari a bayan gidanmu, ƙasarsa fari-fari, inda awaki ke zuwa suna lasa. Nan ya zaɓa, don ya ce ruwa na kusa. Yaya Sani bai ja ba. Ya ba ni irin albasa ƙulle a tsumma, ya ce zai riƙe mana wurin har iri ya isa dashe, in ya wuce haka shi zai dasa abinsa.

Azumi a kaka ya faɗo shekarar, kuma cikinsa Malam ya yi haƙar. Ya yi sahur da fura, ya yi asuba, ya sauka, wani maƙwabci da suka saba aiki tare yana ja masa ƙasa da guga. Ba ya fitowa sai don salla. Da la'asar in ya hau, leɓɓansa sun tsattsage sun yi fari, idanunsa sun faɗa, ƙasa ta bushe a gashin kansa. Awakina biyu, waɗanda na zo da uwarsu daga gidanmu, aka kai kasuwar Bukkuyum aka dawo da siminti. Ni kuma na yafa irin a ɗan fili bayan ɗakina, ina ɗauko masa ruwa a tulu daga tsohuwar rijiyar gari, mai jan ruwa da sai an bar shi ya kwanta kafin a sha. Irin ya fito ya yi shar, ko a Gummi ba a fi haka ba.

Ana saura kwana shida salla, gab da magariba, ruwa ya ɓullo. Maƙwabcin ya yi kabbara, mata suka yi guɗa ta kan danga. Ladan ya kira salla Malam na can ƙasa, ya kamfaci ruwan da hannu ya buɗa baki da shi. Da aka jawo shi ya fito, mutane na ta yi masa barka, shi ko murmushi bai yi ba. Na ɗauka gajiya ce.

Ruwa kam akwai shi. Ka ja guga hamsin, ka dawo bayan ɗan lokaci ka tarar ya koma inda yake, ga shi fari tas kana hango gindin bokiti. Amma ranar farko da na yi wanki da shi, sabulu ya ƙi kumfa. Na goga, na goga, sai wani abu ya taso a kai gutsi-gutsi kamar tsinkakken nono, zanen ya bushe ya yi tauri. Na dafa wake, sai da na zuba kanwa har ya yi baƙi kafin ya yi laushi. Tukunyar da nake tafasa ruwa ta yi farin ɓawo a ciki. Matan unguwa da suka yi rububin ɗiba a makon farko suka janye ɗaya bayan ɗaya, suka koma tsohuwar rijiya, ba wadda ta ce komai. Ni ma a ɓoye na ci gaba da cika randar sha daga can.

Adama mai nono, wata Bafulatana da ke shigo mana kullum da hantsi, ita ce ta faɗa a fili. Ta roƙi ruwa, Inna ta ɗebo mata na sabuwar rijiya don ta nuna mata aikin ɗanta. Ta kurɓa, ta riƙe shi a baki, ta haɗiye don kunya.

"Ruwan ga na shanu ne, Inna," ta ce. "Su za su so shi. Amma mu dai inda dabba ka lasar ƙasa, ba mu taɓa ganin an yi shuka ba."

Inna ta ce yaushe Fulani suka fara koya wa Hausawa noma, ta ce wa Adama ta auna nononta ta ƙara gaba. Ni kuwa ba sabon labari Adama ta ba ni ba. A Gummi ko yarinya ta san ba a ba albasa ruwan da sabulu ya ƙi.

Iri ya isa dashe. Yaya Sani ya aiko direban motar kasuwa ya tambaya ko ya ci gaba da riƙe wurin. Malam ya shigo ya same ni ina tankaɗe, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, me za a ce wa Yaya? Wallahi maganar tana bakina. Sai idona ya faɗa kan hannuwansa, tafin duk ya dare, igiya ta ci shi har nama, farce biyu sun fita. Mutumin da ya yi kwana ashirin da huɗu cikin rami da azumi a bakinsa, ni ce zan buɗe baki in ce masa aikin banza ya yi? Ga Inna a bayansa tana jiran ta ji 'yar Gummi ta raina rijiyar ɗanta. Na ce a gaya wa Yaya ya dasa wurinsa, mu ma Allah ya ba mu ruwanmu. Malam ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya juya ya fita.

Fangali arba'in muka yi, kowanne da ɗan bakinsa na riƙe ruwa. Shi ke ja, ni ke zubawa, safe da yamma. Makonni biyun farko, da sauran sanyi, albasa ta kama ta miƙe, har na fara cewa a raina ko tsorona ne ya yi yawa. Sai bakin ganye ya fara ƙonewa, ɗan rawaya a tsini, yana saukowa a hankali. Da zafi ya shigo, abin ya fito fili. Ƙasa jiƙe sharkaf, ka taka ƙafarka ta nutse, amma da rana ta take sai ganyen ya kwanta, ya yi yaushi, kamar wanda ya yi mako bai ga ruwa ba. Malam ya ce ƙishi ne, rana ta fi ƙarfin ban ruwa biyu. Muka koma uku. Har da tsakar rana muna fita, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, ruwan na shiga tsagar hannu yana yi mana zogi.

Bakin kowane fangali ya yi farin ɓawo, in ka taka yana ƙaras-ƙaras. Wata rana da ba kowa na dangwala na sa a harshe, na ji gishiri zau. Inna ta ce baki ne, mutane sun ga ruwa sun ga kore a shekarar yunwa, dole su yi magana. Ta karɓo rubutu aka zuba a rijiyar, ta kafa fasasshiyar ƙwarya a kan sanda a tsakiyar lambun. Da hakan bai yi ba, ta kwance ɗan takin zamanin da ya rage daga damina ta ce a barbaɗa, shuka ta ji ƙarfi. Kwana uku da sa shi, rabin lambun ya ƙone ƙurmus.

A cikin gida kuma tukunya ta koma hawa sau ɗaya. Da safe kunun tsamiya tsararo, da dare ɗan tuwo, tsakani sai kwaɗon zogale in an samu ƙuli. Na fara haɗa dusa cikin gari, ina tankaɗewa da sauri kada a gani, alhali kowa na ji a maƙogwaro. Inna ta ɗauki wata sabuwar al'ada ta cewa cikinta a cushe yake, ta tura wa Luba nata kason. Duk faɗanta, wannan ban manta mata da shi ba. Bazara ta yi nauyi, ko iska ta kaɗo zafi take kawowa, ɗaki ba ya shiguwa, kaji na buɗe baki a gindin randa. Ga rijiya cike fal a bayan gida, muna ta ja muna zubawa, lambu na ta mutuwa.

Ranar Talatar nan da na ba Luba labarin, don ban taɓa ba ta shi har ƙarshe ba, sai ta tashi ta yanka albasa a faranti, ta barbaɗa mata gishiri, ta ce in duba. Kafin mu gama magana ruwa ya taru a farantin, albasar ta yi laƙwas. Ta ce ruwa ba ya tafiya shi kaɗai, duk abin da ya ratsa a cikin ƙasa sai ya narkar ya ɗauko, shi ya sa ma yake kai wa shuka da jikin mutum abinci. Amma in ya ɗauko gishiri, rana ruwan kawai take ɗauka, gishirin ta bar shi a fangali, kowane guga ƙari ne a kan na jiya. Kuma ruwa bin gishiri yake. In na ƙasa ya fi na cikin saiwa yawa, maimakon saiwa ta sha, ƙasa ce ke tsotse ruwan jikinta. Takin zamani ma, in ji ta, ɗan'uwan gishiri ne. Wato duk gugan da Malam ya ja da hannun nan nasa, ni kuma na zuba, tatsar albasar muke yi. Na san ruwan ba ya yi, amma ban san da hannunmu muke ƙara mata ƙishi ba, sai ranar.

Da lokacin cira ya yi, Malam ya tuge guda ɗaya daga fangalin da ya fi kyau. Kanta bai wuce babban yatsa ba, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Abin da muka tara a lambun duka bai cika buhu ba. A makon ne motar Gummi ta wuce ta bakin hanya, albasa har kan rufi. Rumbu ya kai ƙasa, ina sharo hatsi da tsintsiya. Mutanen zinari suka sake zuwa, wannan karon bai sallame su daga zaure ba.

Da safen da zai tafi na same shi bakin rijiyar yana naɗe igiya, diga da shebur jingine a gefe. Na ce ba zan bari ya tafi da wannan a cikina ba.

"Malam, ni na sani. Tun randa sabulu ya ƙi kumfa na san ruwan ga ba ya yi wa albasa. Randa ka tambaye ni mi za a ce wa Yaya, ƙarya na yi maka."

Bai ɗago ba, sai da ya gama naɗin.

"Hassi, ni na fara shan shi," ya ce. "Da shi na buɗa baki cikin rami. Tun kurɓin farko na sani."

Na ce to mi ya hana shi faɗi.

"Awakinki na cikin simintin ga. Kuma na ji guɗarki ta kan danga. Na ce ko Allah ya sa shuka ba ta da harshe irin namu. Randa na tambaye ki, so nike ki faɗa, in samu abin kai wa Inna."

Muka tsaya muna kallon juna. Wata huɗu yana jira in faɗa, ina jira ya gane, alhali wurin Yaya Sani na can ya yi albasa ba da hannunmu ba. Na yi kuka har na zauna a ƙasa. Ya ce in bari, da ruwa ya sauka zai dawo mu yi shuka, ya rataya igiyar a kafaɗa ya bi su.

Ya yi kamar mako shida, sau biyu yana aiko da dawa da ɗan manja. Sai ran nan da la'asar hadari ya haɗo, wannan karon bai watse ba. Ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na fito da duk wani mazubi na gidan na tara, na kurɓa na ji daɗinsa har cikin kaina, ba gishiri ba ɗaci. Na goga sabulu sau ɗaya kumfa ta cika kwano, na wanke kan Luba, Inna na dariya a bakin ɗaki tana cewa gobe ko jibi ɗanta na hanya. Da gari ya waye na zagaya baya, farin ɓawon nan duk ya tafi, ƙasa ta koma ja. Wasu 'yan albasa da muka bari a gefe don ba su isa cira ba, kwana biyu kawai suka fidda sabon ganye kore. Na yi murna, Allah ya sani, na yi murna ƙwarai.

A rana ta uku babur ya tsaya ƙofar gida. Ruwan da ya wanke mini lambu shi ya sauka a dajin kudu, ya jiƙa ƙasa, ramin ya rufta da mutum uku. Sai da aka kwana biyu ana tono kafin a kai gare su, don wanda ya fi kowa sanin yadda ake bin ƙasa shi ne a ciki. A can aka yi masa sutura. Igiyarsa kawai aka kawo mini.

Da na kai nan, Luba ta tambaye ni rijiyar fa. Na ce har muka baro ƙauyen, lokacin da zamansa ya gagara, ba ta taɓa ƙafewa ba. Fulani ke shayar da shanu a wurin, kuma da sunan uban Luba suke kiran rijiyar.

Na ce ta leƙa ta gani ko Malam Isa ya fara dashen tumatirinsa. Ta dawo ta ce bai fara ba, sai gobe, irin na nan jere a inuwa. Ta ce mini amma bawan Allah ya sha wahala a filin nan, yana ta murna, ba zai ji daɗi ba, mu bari a samu wanda zai gaya masa cikin dabara. Na sauke waken, na sa hijabina, na ɗauki sabulu da moɗa, na ce ta matsa mini daga bakin ƙofa.